Jantin da ke fitar da taya waje: shin yana ƙara wa Hilux ƙarfin ɗaukar kaya?

Tambaya: Salamu alaikum, Malam. Ina da Hilux ƙirar 2017, ina lodin kaya da fasinja tsakanin Tahoua, Abalak da Tchintabaraden. Janti biyu sun lanƙwashe mini. Da na je Yamai wani mai sayar da kayan mota ya nuna mini na alminiyon, 17x9, an buga ET-12 a bayansu. Nawa na asali 17x7.5 ne, ET30. Ramuka shida ne duka. Ya ce motar za ta buɗe ƙafa, ta ƙara ɗaukar kaya, kuma ba za ta kife ba. Har na ba da rabin kuɗi. Amma tun da taya ta fice wa maƙwabcina a kan hanya da mutane a baya, hankalina bai kwanta ba. In karɓa ko in bari?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya kiyaye gaba, ya ba waɗanda suka ji ciwo lafiya. Ka bari. Ka koma ka ce a musanya maka, ko da za ka yi asarar ƴan jikkuna a kai.

Tunda ka iya karanta abin da ke bayan janti, wato ƙarfen da taya ke zaune a kansa, mu tafi kan lissafi kai tsaye. ET ɗin nan, wanda masu Faransanci ke kira defor, masu Ingilishi kuma ofset, tazara ce a milimita tsakanin tsakiyar faɗin janti da fuskar da ke manne wa cibiyar ƙafa. In lambar ta yi sama, taya na shigewa ciki. In ta sauko, ko ta koma ƙasa da sifili, taya na fitowa waje. Daga 30 zuwa -12, tsakiyar tayarka ta matsa waje da milimita 42 a kowane gefe. Sai kuma faɗi: inci 9 da aka rubuta awon wurin zaman taya ne, in ka haɗa da leɓuna biyu ya kai kusan inci 10, naka na asali kuma kusan 8.5. Idan aka haɗa duka, leɓen waje zai fito da kusan santimita 6 fiye da yadda yake yanzu.

Ɗaya awon, wanda Amurkawa suka fi amfani da shi, ni zurfin baya nake ce masa. Shi ya fi sauƙi a kasuwa, don ba ya buƙatar ka yarda da rubutun kowa. Ka kifa janti a ƙasa, ka gitta ƙarfe miƙaƙƙe a kan leɓen baya, ka zura mita daga ƙarfen zuwa fuskar da ke da ramukan. Naka zai ba ka kusan milimita 138, wato inci 5.4. Wanda ake son sayar maka zai ba ka kusan 115, inci 4.5. Amfanin wannan awo shi ne ya gaya maka ko janti zai taɓa birki ko hannun ƙafa ta ciki. Sai dai kada ka kwatanta zurfin baya na janti biyu masu faɗi daban ka ce daidai suke, domin tsakiyarsu ba wuri ɗaya take ba.

Yanzu maganar da ta fi ci mini rai, wadda ba a yin mako ban ji ta a garaji ba: wai in mota ta buɗe ƙafa ta ƙara ƙarfi. Wallahi ba ta ƙara komai. Abin da Hilux ke ɗauka, kusan tan ɗaya har da mutanen da ke ciki, shasi ne ya yanke shi, da sifirin na baya, da aksul, da ƙarfin tayoyin. Janti bai ƙara wa ko ɗaya daga cikinsu kilo guda ba. Abin da ya yi shi ne ya nisanta nauyi daga inda aka gina motar ta karɓe shi.

Ka ɗauki guga cike da ruwa, hannunka manne da cinya. Za ka kai shi gida ba ka gaji ba. To ka miƙe hannun gefe da gugan nan. Ruwan bai ƙaru ba, amma kafaɗarka za ta gaya maka. Rulma, abin da taya ke juyawa a kansa, wanda ƴan Najeriya ke kira boris, shi ne kafaɗar. Kamfani ya ajiye tsakiyar taya kusa da shi don nauyi ya sauka masa a tsaye. Ka matsar da ita santimita huɗu, sai kowane rami da kowace gargada su riƙa murɗa shi ta gefe. A bayan Hilux abin ya fi muni, saboda rulma ɗaya ne a kowane gefe, kuma sandar aksul ɗin da ke juya taya ita ce dai ke ɗauke da nauyin. In wannan rulma ya watse da gudu, taya kan iya fita tare da sandar, birkin wannan ƙafar ya tafi da ita. Wanda ke yawo cikin Yamai a kan kwalta, mota ba kaya, zai iya shekara biyu bai ji komai ba, shi ya sa suke cewa ai ga wane ya sa ba abin da ya same shi. Kai ba hanyarsa kake bi ba. Kai daga Abalak ka bar kwalta da buhunan hatsi da jarkoki da mutane a sama, cikin zafin watan Afrilu da ke narkar da giris.

A gaba ma akwai nata. Layin da ƙafar gaba ke juyawa a kansa yana sauka ƙasa kusa da tsakiyar inda taya ke taka ƙasa. Idan taya ta yi waje, sai ta zama tana zagaya wannan wuri daga nesa. Shi ke sa sitiyari ya riƙa fizge hannu a kan dutse, rotil, wato gaɓoɓin ƙafar gaba, su mutu da wuri, taya ta riƙa gogar jikin mota in ka karya kwana har ƙarshe. Ranar da tayar gaba ta fashe, fizgar da motar za ta yi ta fi ta da.

Batun kifewa kuwa, akwai ƙwayar gaskiya a ciki, kuma da ita suke yaudarar mutane. Tazarar ƙafafun motarka ta ɗan wuce mita ɗaya da rabi. Ƙarin santimita takwas wani ɗan abu ne. Amma lodin da aka tula ya wuce kan kabin, aka ɗora mutane a kansa, ya shafe wannan ɗan abin nan take. Mai son motarsa kada ta kife ya sauke tsawon lodi, ya sa masu nauyi a ƙasa, ya rage gudu a kwana.

Abin da ya fi wannan ɓata mini rai shi ne ƴan gyaran gangan. Jumlarsu ɗaya ce: ramuka shida ne, za ta shiga. Eh, Hilux da L200 da Patrol duk shida ne a kan da'irar milimita 139.7. Amma ramin tsakiya na Hilux 106.1 ne, na L200 na zamani 67.1, na Patrol 110. A kan Hilux, na L200 ba ya shiga sai an yanke shi, na Patrol kuma yana shiga ya bar sako-sako. Na Navara D40 ma shida ne, amma 114.3, ba su haɗa hanya ba sam. Na ga jantin da aka faɗaɗa raminsa da wutar walda, bakinsa kamar an gatsa. In kuma janti ya shige ciki da yawa yana gogar birki, sai su jera washa a kan bulon, wato ƙarafan da ake ɗaura noti a kansu, su tura shi waje.

Kwanakin baya aka kawo mini wata daga wajen Keita, direban na cewa yana jin ƙara a baya in ya taka birki. Tun kafin a ɗaga ta na ga jan ƙura kamar lalle tana zubowa daga kowane noti, alamar ƙarfe na cin ƙarfe. Da yaro ya sa sifana, noti biyu ko ƙarfi bai yi ba suka kwance, sauran na ƙarasa da yatsa. Washa huɗu a kan kowane bulon. Zagaye uku kawai notin ya kama. Ramukan jantin sun zama kamar ƙwai, bulon ɗaya ya tsage rabi. Direban ya zauna a kan tsohuwar taya ya yi shiru, can ya ce jiya da mata da yara ya zo daga kasuwa. Bulon ɗin Hilux milimita 12 ne, zarensa 1.5, don haka noti sai ya yi zagaye takwas a ƙalla kafin a ce ya kama. Janti kuma ba bulon ne ke ɗauke da shi kamar an rataya riga a ƙusa ba. Matsewar fuska da fuska ce ke riƙe shi. Ka sa washa a tsakani, ka rage fuskar nan ta koma ƴan ɗigo shida. Wanda ya yi wannan aiki ya karɓi kuɗinsa ya tafi gida, bai san sunan ko mutum ɗaya da zai hau motar ba. Ku ji tsoron Allah, ƴan'uwana masu sana'a. In kaya bai dace ba, ku ce bai dace ba.

To me za ka saya? Ga irin hanyarka, ni na ƙarfe zan zaɓa. In ya bugi dutse yana lanƙwashewa, a buga shi ya kai ka gari. Na alminiyon tsagewa yake yi, kuma wanda aka yi wa walda kada ka karɓa ko kyauta ne. Ka nemi ET30, ko abin da bai yi nisa da shi da fiye da milimita 10 ba. In kana son ɗan faɗi, 17x8 mai ET20 zai fito da kusan santimita ɗaya da rabi kawai, ciki kuma ba ya taɓa komai. Ka duba nauyin da aka buga a bayansa, don akwai masu ƙyalli da aka yi wa ƙananan motoci. Ka kula da noti: jantin alminiyon na Toyota yana amfani da mai shimfiɗaɗɗen gindi da washarsa a jiki, na ƙarfe kuma mai tsinin gindi. Ba a haɗa su.

Ka tafi da tsohon jantinka guda da mita a aljihu. A gwada sabon a ƙafar gaba kafin ka cika kuɗi, a karya sitiyari hagu da dama har ƙarshe, ka zura hannu ka ji tazarar da ke tsakaninsa da birki. Bayan an ɗaura, in ka yi kilomita 50 zuwa 100, ka tsaya ka sake bin notin ɗaya bayan ɗaya. Kuma tunda jantinka biyu sun lanƙwashe, rulman waɗannan ƙafafun sun sha duka iri ɗaya: a ɗaga motar a girgiza su, a juya a saurara, kafin lodinka na gaba.