Amsoshin Malam: Wuri na Gugar Wuri, Dala da Kantoma

Wata malama daga Zariya ta tambaya: a cikin "wuri na gugar wuri", wane wuri ne ke gugar wani?

Malama, ba wurin zama ba ne. Wannan wurin shi ne ijiya, farin ƙwanson halittar teku da kakanninmu suka yi ciniki da shi, jam'insa kuwa shi ne kuɗi, ko kurɗi a bakin mutanen da. Ke nan duk wanda ya ce "ba ni kuɗina", ko da takardar naira yake nufi, sunan wuri yake kira. Gugar kuwa ta cikin buhu ce: idan aka ɗura wuri aka ɗaure baki aka aza wa jaki, tafiya yake yana ƙara saboda wannan na gogar wancan. Abin da zai ba ki mamaki shi ne ba a ƙasarmu ake samunsa ba. Daga tsibiran Maldibis na tekun Indiya aka riƙa kwaso mafi yawansa, ya ratso teku da hannayen fatake kafin ya iso kasuwar Kurmi. Buhu guda na wuri dubu ashirin shi ake kira keso. Da Bajamushen matafiyin nan Barth ya zo Kano a 1851, ya tarar ana canjin dala ɗaya ta azurfa a kan wuri wajen 2,500. Ki dubi wahalar mai sayen doki: sai a zauna kan tabarma a yini ana ƙirga. Ko sidi na Gana, da aka fara kashewa a 1965, sunan wuri ne a harshen Akan. Abin da ke ɓata mini rai shi ne masu labarai da ke liƙa wannan magana a kan kowane ɗan canji. Ba a faɗinta sai ga dukiya mai nauyi.

Wani daga Maraɗi ya ce, me ya sa suke kiran sefa biyar dala, alhali dala ta Amurka ce?

Bahaushe ya san dala ta wata hanya daban. Azurfa ce ta ƙasar Ostiriya mai hoton sarauniya Mariya Taresa, wadda aka ci gaba da bugawa da shekarar 1780 a jikinta bayan rasuwar sarauniyar. Ta hamada ta shigo mana, mata suka riƙa ratayawa a wuya, maƙera suna narkewa su yi awarwaro. Da Turawa suka kawo kuɗinsu sai sunan ya koma kansu: a Nijar faran biyar, a Najeriya sule biyu. Shi ya sa har yau ɗari a wajenku dala ashirin ce. Dutsen Dala na Kano kuwa babu abin da ya haɗa su, karin sautinsu ma daban.

Wani ɗalibi ya ce, kantoma Hausa ce?

Aro ce daga "cantonment", wato barikin Turawa. Alƙalin bariki aka fara kira haka, kafin sunan ya faɗa kan shugaban riƙo na ƙaramar hukuma.

Wani kuma yana son sanin ko Gambo Sawaba ce ta ƙirƙiro kalmar sawaba.

A'a, kalmar ta girme ta, ma'anarta sauƙi bayan tsanani. 'Yan jam'iyyar siyasa ta NEPU, da aka kafa a Kano a 1950, su suka mai da ta take, ita kuma ta samu laƙabin a gwagwarmayar jam'iyyar. A Nijar ma jam'iyyar Djibo Bakary, wadda ta nemi a ce a'a ga Faransa a ƙuri'ar raba gardama ta 1958, Sawaba ake kiranta, aka haramta ta a 1959.