Rumbun bayananmu ya yi nauyi: sabuwar sabar ce mafita?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Shekara biyu ke nan ina rubuta manhaja, sai mai kula da rumbun bayananmu ya bar aiki, aka ɗora mini nauyin. PostgreSQL, wato injin sarrafa rumbun bayanai, muke amfani da shi. Tun watan jiya shafin da ke nuna odar kwastomomi yake ɗaukar kusan daƙiƙa 20 kafin ya buɗe, alhali da can nan take yake fitowa. Shugabana ya ce a sayi babbar sabar a huta. Hakan daidai ne? Sannan ina sha'awar riƙe wannan aiki a matsayin sana'a, amma ana ta cewa kamfanonin da ke ba da hayar sabar ta intanet sun kashe ta.

Amsa: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka roƙi shugabanka ya ba ka mako guda kafin a fitar da ko sisi. Shafin da yake buɗewa nan take ya koma daƙiƙa 20 cikin wata ɗaya, da wuya a ce ƙarfin inji ne ya gaza. Wani abu ne ya canza, kuma aikinka na farko shi ne gano shi. Idan tambaya ɗaya ce daga cikin waɗanda manhaja ke aika wa rumbun take karanta teburin bayanai gaba ɗaya, sabar mai ninkin ƙarfi za ta rage lokacin ne kawai, tebur ya ci gaba da girma, bayan 'yan watanni ku dawo gidan jiya.

Fara da awo. Kunna pg_stat_statements, wanda yake tara lissafin kowace tambayar SQL, wato harshen da ake tambayar rumbun da shi: sau nawa aka yi ta, da jimillar lokacin da ta ci. Jera su bisa jimillar lokacin. Sau da yawa mai laifin ba ita ce mafi jinkiri ba. Tambayar da ke ɗaukar kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa, amma manhaja tana aika ta sau 200 don cika shafi ɗaya, ta ci daƙiƙa 20 ɗin nan cif. Kai da ka fito daga rubuta manhaja ka san yadda hakan ke faruwa: a ɗauko jerin oda, sannan a koma a nemi sunan kwastoman kowace oda ɗaya bayan ɗaya, maimakon a haɗa tebur biyun a tambaya guda.

Idan ka kama wadda kake zargi, sa EXPLAIN ANALYZE a gabanta, don injin ya nuna maka hanyar da ya bi wajen amsa ta. A kula, wannan umarni yana aiwatar da tambayar da gaske, don haka in ta sharewa ce ko ta gyara, ka buɗe da BEGIN ka rufe da ROLLBACK, don a soke canjin da ta yi. Abu biyu za ka duba a sakamakon. Na farko, ko akwai Seq Scan a kan babban tebur, wato injin yana bin layi bayan layi daga farko har ƙarshe. Na biyu, wanda mutane suka fi tsallakewa, bambanci tsakanin adadin layukan da injin ya yi hasashe da wanda ya tarar. Idan ya zaci layi 50 ya tarar da 500,000, to da tsohon lissafi yake tsara hanyarsa, kuma umarnin ANALYZE kaɗai, wanda ke sabunta wannan lissafin, na iya warware matsalar cikin mintuna.

Maganar fihirisa kuwa tana son a ɗan zauna a kanta. Fihirisa a rumbun bayanai kamar ta ƙarshen littafi take, tana kai ka shafin da kake nema ba sai ka karanta duka ba. Irin da aka fi amfani da ita tsarinta kamar bishiya ne mai rassa, har a tebur mai layi miliyan 10 matakai uku ko huɗu sun isa a kai ga abin da ake nema. Sai dai tana da sharuɗɗa. Idan ka gina ta a kan ginshiƙi biyu, lambar kwastoma sannan ranar oda, za ta yi wa mai neman odar kwastoma ɗaya aiki sosai, amma mai neman odar ranar Talata ta kowa da kowa ba zai amfana da ita yadda ya kamata ba, domin da lambar kwastoma aka fara jerawa. Haka nan in ka naɗe ginshiƙin cikin wani lissafi, misali ka mayar da adireshin imel ƙananan haruffa kafin kwatantawa, injin zai yi watsi da fihirisar, sai in a kan wannan lissafin ka gina ta. Kuma kowace fihirisa tana da kuɗinta: duk layin da aka ƙara, sai an sabunta ta. Na sha ganin tebur mai fihirisa fiye da goma, rabinsu ba a taɓa amfani da su ba, suna ta jan rubutu baya. Idan za ka gina sabuwa ana cikin aiki, yi amfani da CREATE INDEX CONCURRENTLY, don kada ka toshe rubutu a teburin.

Akwai wani abu da nake zargi musamman a irin labarinka. PostgreSQL ba ya goge tsohon layi nan take idan an gyara shi ko an share shi. Yana barin matacce a wurin har mai shara, wato autovacuum, ya zo. A saitin asali, sharar ba ta tashi sai matattun sun kai kusan kashi 20 cikin 100 na teburin. Tebur mai layi miliyan 50 ke nan sai ya tara miliyan 10. Mafi muni, idan wata manhaja ta buɗe ma'amala (transaction), wato jerin umarni da ake kammalawa tare, ta bar ta a buɗe kwana da kwanaki, sharar ba za ta iya kwashe layukan da suka mutu bayan buɗe ta ba. Leƙa pg_stat_activity, mai nuna ayyukan da ke gudana a rumbun, ka ga ko akwai irin wannan.

Saiti ka bar shi sai ƙarshe. Duba dai shared_buffers, wato rabon RAM da injin ke riƙe bayanai a ciki, domin asalinsa 128MB ne, kuma shawarar da aka saba bayarwa ita ce kusan rubu'in RAM na sabar da aka keɓe wa rumbun. Kada ka kwafi saitin wani daga intanet ka zuba. Canji ɗaya a lokaci guda, ka auna, ka rubuta. In bayan duk wannan bayanan da ake taɓawa kullum sun fi ƙarfin RAM, to shugabanka ya yi gaskiya, kuma za ka je masa da lambobi a hannu.

Game da sana'ar, ban yarda ta mutu ba. Tun 2009 Amazon ta fito da RDS, hidimar hayar rumbun bayanai ta intanet, kuma gaskiya ne irin waɗannan hidimomi sun karɓe girka manhaja, sabunta ta, da ɗaukar kwafin ajiya a kan lokaci. Amma ba za su tsara maka tebur ba, ba za su gyara tambayar da ta lalace ba. Hasali ma a can kowace muguwar tambaya kuɗi ce a takardar ƙarshen wata, shi ya sa mai iya rage ta yake da daraja. Tsarin tebur da Edgar Codd ya gabatar a IBM a 1970 har yau shi ake tafiya a kai, don haka abin da ka koya na SQL ba zai tsufa da wuri ba. Riƙe inji ɗaya ka san shi ciki da waje kafin ka leƙa wasu injunan irin su MySQL, Oracle ko SQL Server. Haɗa da Linux da rubuta ƙananan umarnin da ke sauƙaƙa aikin yau da kullum. Takardar shaida tana buɗe ƙofar ganawa, amma a ciki za a tambaye ka matsalar da ka taɓa warwarewa, kuma wannan shafin mai daƙiƙa 20 shi ne labarinka na farko, don haka ka adana lambobin kafin gyara da bayansa.

Abu ɗaya ya fi shafin nan gaggawa. Wanda ya tafi ya bar maka kwafin ajiya, amma ka taɓa dawo da shi? A makon nan ka ɗauki na baya-bayan nan, ka zuba shi a wata sabar daban, ka ƙirga layukan manyan tebur, ka duba agogo ka ga awa nawa ya ɗauka. Idan kwafin ajiya na pg_dump kaɗai kuke ɗauka kowane dare, faifai ya mutu da yamma, aikin yini guda ya tafi. Ka tambayi shugabanka ko kamfanin zai iya jure hakan. In ya ce a'a, sai ka fara adana fayilolin WAL, waɗanda ke rubuta duk canjin da aka yi, tare da cikakken kwafi na pg_basebackup, yadda za ka iya mayar da rumbun zuwa mintin da ya gabaci ɓarnar.