Kifayen enjel dina sun yi farin ɗigo tunda sanyi ya shigo, ya zan yi?

Tambaya: Salam malam, ina da kifin enjel guda 4 a akwatin gilashi mai cin lita 40. Tunda hunturu ya shigo sun daina cin abinci sosai, jikinsu duk farin ɗigo, suna goga jiki a duwatsu. Na zubar da ruwan gaba ɗaya na wanke komai amma abin sai ƙaruwa yake. Don Allah a taimaka.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Wannan ɗigon da kake gani kamar an barbaɗa musu gishiri wata ƙwayar cuta ce da ake kira ik, kuma tana yawan kama kifi in ruwa ya yi sanyi kwatsam. Shi enjel asalinsa daga kogunan yankin Amazon yake, wajen Birazil da Feru da Kolombiya, ruwan ɗumi ya sani, digiri 26 zuwa 28 yake so, to ka ga da asuba a hunturun nan ga shi an ɗauke wuta ai dole ya jigata.

Ka nemi hita da ma'aunin zafi, ka ɗaga ɗumin a hankali cikin kwana biyu har ya kai 29 ko 30, sannan ka sa maganin farin ɗigo na shagon masu kifin ado. Magani ba ya taɓa ƙwayar tana manne a fata, sai ta faɗo ta hayayyafa 'ya'yanta na yawo a ruwa, shi ya sa ko ɗigon ya ɓace kar ka tsaya, ka ƙara kwanaki. In ba wuta ka lulluɓe akwatin da bargo.

Amma wankewar nan ita ta fi damuna wallahi. A cikin soson filta, wato na'urar tace ruwa, akwai ƙwayoyin bakteriya masu amfani da ke cinye amoniya, wato gubar da ke fitowa daga dattin da kifi ke fitarwa, in ka wanke da ruwan famfo mai kulorin ka kashe su, kuma sai sati 4 zuwa 6 kafin su dawo. Kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan kawai ake canzawa duk sati, da ruwan da aka cire wa kulorin, mai ɗumi daidai da na ciki, soson kuma a matse shi a tsohon ruwan.

Lita 40 ta musu kaɗan. Enjel na kai santimita 15, tsayinsa da fiffike ya fi haka, guda 4 suna buƙatar kusan lita 200 a akwati mai zurfi, in ba haka ba suna girma za su fara cizon juna.