Haɗa motar jeji a gareji: amsoshin tambayoyinku

Daga Nguru: Ina da shasin tsohuwar Hilux mai jan taya huɗu, amma akson baya ya mutu. Na samu wani a Ƙofar Ruwa a Kano da araha. In saya?

Malam, kada ka biya sai an ƙirga haƙora. A cikin tukunyar kowane akso akwai babbar giya da ƙarama, kuma Hilux ta zo da lissafi iri-iri: in an raba haƙoran babbar da na ƙaramar, haƙora 41 da 10 suna ba da 4.10, 43 da 10 suna ba da 4.30, 41 da 9 kuma 4.56. Dole na gaba da na baya su zo ɗaya. In suka saɓa, kana saka giyar taya huɗu gaba zai riƙa gudunsa, baya nasa. A cikin yashi tayoyi za su zame, ba za ka gane ba. Kana hawa tsandauri sai motar ta cije, ƙarshenta ko kurosin farfela ya karye ko akwatin raba ƙarfi, wanda ke rarraba ƙarfin inji ga akson gaba da na baya, ya zubar da haƙora.

In mai kaya ya ƙi a buɗe, ga dabara. A ɗaga taya ɗaya, ɗayar tana ƙasa, a yi alama da alli a inda farfela ke ɗaurewa, a juya tayar sau biyu cif ana ƙirga zagayen alamar. Huɗu da ɗan ɗoriya 4.10 ke nan, huɗu da rabi 4.56. Sannan ka auna faɗin akson da tazarar kujerun sifirin. Mu a ganinmu, gara ka ƙara kuɗi ka sayi akso biyu da giyabos da akwatin raba ƙarfi daga jikin mota guda.

Daga Maraɗi: Wani ya ce in ɗora injin Land Cruiser 1HZ don ƙarfi. Injin Hilux ɗina 3L ne, ya gaji.

Alhaji, ba mu ba ka wannan shawarar ba. 1HZ silinda shida ne, lita 4.2, ya fi ɗakin injin Hilux tsawo, ya fi sifirin ɗinta na gaba nauyi, kuma bakinsa bai dace da giyabos ɗinka ba. Za ka yanka, ka matsar da lagireto, ka sake tsawon farfela biyu, birki kuma yana nan na ƙaramar mota. Nemi 5L mai lita 3.0, ɗan gidansu 3L mai 2.8 ne, yana zama a mazauninsa ba wahala. Ka duba ko mai famfon gas na gargajiya ne, domin samfurinsa 5L-E sai da kwamfutarsa da wayoyinta. Kafin a ɗora a sa sabon bel na taimin, a wanke lagireto, saboda waɗannan injina in suka yi zafi kansu yana tsagewa. Ka karɓi rasit mai lambar injin, ka gyara takardun motar.

Daga Gembu: Taya inci 33 ko 31?

Ka tsaya a 31. Inci 33 yana rage jan mota da kusan kashi 6 cikin 100, a hawan Mambila kuwa kuloci ne zai biya bashin, sai fa in za ka sauya giyar akso biyun zuwa 4.88. Kada kuma a cusa ƙarfe tsakanin sifirin da akson gaba don ɗaga mota, birki mai ƙarfi na iya fizge shi.

Daga Kaduna: Mai walda a Panteka ya ce bututun ruwa ya isa kejin kariya, wato ƙarafan da ke kare mutanen ciki in mota ta kife, kuma zai ƙara wa sandar sitiyari tsawo da walda.

Ranka ya daɗe, duka biyun a'a, kuma a nan ba ma sassautawa, rai ne a ciki. Bututun ruwa ba don ɗaukar nauyin mota aka yi shi ba, tana kifewa zai lanƙwashe ko ya tsage ta ɗinkinsa. A nemi bututun ƙarfe mara ɗinki, faɗin kusan milimita 44, kaurin 3, a lanƙwasa da inji ba da wuta ba, a sa sanda ɗaya a karkace ta baya. Ƙafafun kejin su sauka kan faranti mai kauri da aka ɗaure da shasi, ba kan kwanon bodi ba. Sandar sitiyari kuwa a saya cikakkiya mai tsawon da ake so, domin wurin walda yakan karye farat ɗaya ba tare da alama ba.