Kicin ɗin Goggo: Littafin kek bai san zafin Sakkwato ba

Assalamu alaikum. Bukukuwa sun matso, shi ya sa wasiƙun kek da burodi suka cika mini faifai a wannan karon. Na zaɓi biyar, sauran su yi haƙuri sai fitowa ta gaba.

Goggo, ina wuni? Yayata ce ta kawo mini tsarabar littafin girki daga Ingila, na kek da burodi da kayan zaƙi. Na zaɓi kek ɗin Biktoriya na bi shi layi-layi. Ya ce a bar bota ta yi laushi a ɗaki, na fito da ita tun hantsi. Da na gasa sai ya fito da nauyi, tsakiya ta lotsa, mai yana tsatsafowa a gindi. Littafin ne ke ƙarya ko hannuna ne ba shi da kyau? — Amarya, Gawon Nama

Ɗiyata, hannunki lafiya lau, littafin ma bai yi ƙarya ba. Ɗakin da yake nufi ne ba naki ba. Wadda ta rubuta shi tana zaune a ƙasar da zafin ɗaki bai cika wuce digiri 20 ba. Ita kuwa bota tana narkewa ne tsakanin digiri 32 da 35. To ki duba Sakkwato a watan Afrilu, lokacin da rana ke haura 40, bangon ɗaki na huci har bayan isha'i. Botar da kika ajiye tun hantsi, kafin azahar ta zama mai.

Abin da ya sa wannan ke ɓata kek shi ne, lokacin da kike buga bota da sukari, ƙwayoyin sukarin ne ke huda botar suna cusa mata iska. Wannan iskar ce ke kumbura a wuta ta ɗaga kek ɗin. Bota mai ɗan ƙarfi tana riƙe iskar, narkakkiya kuwa ko kin wuni kina bugu ba abin da za ta riƙe. Ki danna ta da yatsa. In yatsan ya shiga ya bar gurbi, fuskarta kuma ba ta ƙyalli, ta yi daidai. In tana sheƙi tana zamewa, ki mayar da ita firiji. In babu wuta, ki sa robar cikin kwanon ruwan randa, ko ki sayi ƙanƙara ki jera a gefe. Ni a bazara ba na haɗa kek sai bayan sallar asuba, kafin gari ya ɗau zafi. Majarin, wato botar man tsirrai irin su Simas, ya fi jure zafinmu, shi ya sa masu kek na sayarwa suka riƙe shi. Sai dai ɗanɗanonsa bai kai na bota ba, kowa ya ci ya sani.

Saura maganar awo, don ina zargin can ma akwai matsala. Littattafan Ingila da giram suke awo, na Amurka kuma da kofi, kofin nasu yana cin mililita 240. Ƙaramin gwangwanin madarar ruwa da muke awo da shi bai wuce kashi biyu cikin uku na wannan kofin ba. Ko kofin gaskiyar kika samu, fulawar da aka zuba a hankali da wadda aka danna ba nauyinsu ɗaya ba: ta farko wajen giram 120 ce, ta biyun tana iya kai 150. Ki nemi ƙaramin sikelin kicin a Sabuwar Kasuwa wajen masu kayan kek. Ya fi miki amfani a kan injin bugu.

In kin samu sikeli, wanga kek ba ya ma buƙatar littafi. Ki ɗora ƙwai huɗu da ɓawonsu ki ga nauyinsu. Duk abin da ya nuna, shi ne nauyin bota, shi ne na sukari, shi ne na fulawa. Da wannan dabarar ko ƙwan zabi kika samu da damina, ƙanana da su, lissafinki ba zai karkace ba, sai dai ki ƙara yawansu. Littafin zai ce miki a sa fulawar da ta zo haɗe da bekin foda. Tamu ba haka take ba, don haka kowane giram 150 na fulawa ki sa masa ƙaramin cokalin awo biyu na bekin foda, a shafe ba mai tozo ba, ki tankaɗe su tare. Ƙwai ɗaya-ɗaya ake fasawa ana bugawa. In fulawa ta shiga kuma bugu ya ƙare, sai juyawa a hankali har ta ɓace. Ki raba a gwangwani biyu, obin a digiri 180, minti 20 zuwa 25. Kada ki buɗe ƙofar kina leƙe kafin minti 15 su wuce, leƙen nan ma yana sa tsakiya ta zauna.

Sunan kuma na Sarauniya Biktoriya ta Ingila ne, wadda ta mutu a 1901, shekara biyu kafin sojojin ƙasarta su shigo mana Sakkwato. Ba ta ga garin ba, balle ta san abin da rana ke yi wa bota a nan.

Goggo, bekin foda ta ƙare mini sai na sa bekin soda daidai awon da aka ce. Kek ɗin ya yi duhu, yana ɗaci kamar an sa sabulu. Ba abu ɗaya ba ne? Sannan littafina yana yawan cewa a sa wata madara mai tsami wai botamilk, ban taɓa ganinta a shago ba. — Maman yara, Boɗinga

Ba ɗaya ba ne, ƙanwata. Bekin soda 'yar'uwar kanwa ce, kuma kin san abin da kanwa ke yi in ta yi yawa a miya. Ba ta tashin ƙulli yadda ya kamata sai ta gamu da abu mai tsami. Bekin foda kuwa soda ce da aka riga aka haɗa da tsaminta da ɗan sitaci, ruwa da zafi kawai take jira. Wani mai haɗa magunguna a birnin Bamingam na Ingila, Alfred Bird, shi ya haɗa irinta a 1843 saboda jikin matarsa ba ya karɓar yis. Shi ne dai ya ƙirƙiro garin kastad marar ƙwai, duk saboda matar nan. Allah ya ba 'ya'yanmu maza masu kula irin haka.

Soda ta ninka foda ƙarfi sau uku ko huɗu, kin ga cokalin da kika sa ya yi yawa, ga shi babu tsamin da zai kashe ta. Inda littafi ya ce soda, ki duba za ki ga ya sa madarar nan mai tsami kusa da ita. Kada ki wahalar da kanki nemanta. Kindirmo mai kyau ki sirka da ruwa kaɗan har ya riƙa zuba, ya wadatar. Ki dai sayi na wadda kika yarda da ita, don nonon da aka dama da kuka ko aka cika wa ruwa ba zai yi miki aikin daidai ba. In babu, kofi ɗaya na madara ki matsa masa babban cokali ɗaya na lemon tsami ki bar shi minti 10.

Fodar da ta daɗe, musamman wadda ta sha damina a buɗe, ki gwada ta kafin ki yi asarar ƙwai: ki zuba kaɗan a ruwan zafi, in ba ta yi kumfa nan take ba, to ta mutu.

Goggo, barka da aiki. Ni ba ni da obin, ga shi an ɗora mini kek ɗin garar ƙanwata. Littafin duk maganar digiri yake yi. Yaya zan yi? — Uwargida, Gwadabawa

Yawancin kek ɗin garar da aka ci a garin nan bai taɓa ganin obin ba. Ki samu babbar tukunyar dalma mai murfi da ke rufuwa ruf. Ki wanke rairayi ki shanya ya bushe ƙarau, ki zuba a gindinta kaurin yatsu uku. Ki rufe ki ɗora a kan gawayin da ya riga ya ruru ya daina hayaƙi, ki ba ta kamar minti 15 ta ɗau zafi. Kada ki dasa gwangwanayen cikin rairayin. Ki ɗora ragar ƙarfe ko wani tsohon faranti a kai, sannan ki jera su, kada su taɓa jikin tukunyar.

Inda aka fi yin kuskure shi ne wuta. Ana cika ta a ƙasa, gindi ya ƙone sama tana fari fat. Ki rage ta ƙasa ta zama kaɗan, ki kwashi garwashi ki baza a kan murfin, ya fi yawa a gefe-gefe. Maimakon digiri, ki barbaɗa fulawa a murfin gwangwani ki sa a ciki ki rufe. In ta yi baƙi kafin minti biyu, wuta ta yi yawa. In ta ɗauki kamar minti biyar kafin ta yi ja-ja, ki zuba kek ɗinki. Kowane gwangwani ki shafa masa mai ki barbaɗa fulawa, ki cika kashi biyu cikin uku. Ƙamshi ne zai fara gaya miki ya kusa. Sai ki soka tsinke a tsakiya, in ya fito a bushe ki sauke.

Tunda na gara ne, za a ɗauke shi a mota, a jera shi kusa da alkaki da nakiya da dubulan, ya kwana ya wuni ana rabo, kada ki zaɓi mai laushin nan kamar soso. Ki nemi wanda littafin ke kira kek ɗin fam, wato fam ɗaya-ɗaya, giram 454, na bota da sukari da ƙwai da fulawa. Yana da jiki, ba ya marmashewa, kuma washegari ya fi daɗi. Ki bari ya huce sarai kafin ki rufe a bokiti, in ba haka ba gumi zai sa ya yi funfuna. Kuma don Allah a tsakar gida za ki yi wannan aikin. Gawayi a rufaffen ɗaki yana fitar da iskar da ba ta da wari, tana kuma kisa.

Hajiya, ni namiji ne, malamin makaranta, ina son in riƙa gasa wa iyalina burodi. Littafi ya ce a bar ƙulli awa ɗaya ya tashi. Da bazara na bari ya yi tsami ya faɗa, da hunturu kuma awa ɗaya ta wuce ko motsi bai yi ba, samansa ya bushe. Kuma bai taɓa laushin na gidan burodi ba. — Malam, Arkilla

Malam, sannu da ƙoƙari. Ka ajiye agogo ka tambayi uwargida yadda take gane ƙullin masa ya tashi, don yis ɗin ɗaya ne. Zafi ke sa shi sauri, sanyi ya sa shi nawa. Abin da kake jira shi ne ƙullin ya ninka girmansa. Da bazara yana iya yin haka cikin rabin awa, don haka ka kwaɓa da ruwan sanyi ka rage yis ɗin kaɗan. Da hunturu ka sa ruwa mai ɗumi wanda yatsanka zai zauna a ciki ba ƙuna, domin ruwan da ya kai digiri 60 kashe yis yake yi. Ka shafa wa ƙullin mai, ka rufe kwanon da leda, ka ƙara cokali ɗaya ko biyu na ruwa, don iskar hunturu tana busar da fulawar tun tana buhu.

Awon da za ka riƙe: fulawa giram 500, yis giram 7, gishiri giram 10, ruwa wajen mililita 320. Ka murza minti 10 cur. In kana son laushi, ka maye rabin ruwan da madara ka ƙara bota giram 50 da sukari kaɗan. Gidajen burodi suna da injin murza da sinadaran gyaran ƙulli da kai ba ka da su, kuma ba kowane laushi ne abin sha'awa ba. Akwai sinadarin buromet da ke kumbura burodi, wanda hukumar NAFDAC ta haramta saboda illarsa ga lafiya. Naka zai yi tauri bayan kwana biyu, sai ka gasa daidai cin gidan.

Goggo, kek ɗin zabibi da ke littafina an ce a jiƙa 'ya'yan itacen a barandi. Ƙawata ta ce giyar tana ƙonewa a wuta. Haka ne? Akwai kuma kayan zaƙi masu daskarewa da ake sa wa jelatin. — Ɗaliba, Runjin Sambo

Ƙawarki ba ta faɗi daidai ba. Wani kaso yana tafiya, wani yana zama a cikin kek ɗin. Ki bar ta kawai. Ki dafa baƙin shayi mai kauri, ki jiƙa zabibin da yankakken dabino a ciki su kwana a wuri mai sanyi, ko ki yi da ruwan lemon zaƙi. Ki ƙara kirfa da gyaɗar ƙamshi. Abu ɗaya za ki rasa: su Turawa giyar ce ke sa nasu ya yi watanni a ajiye, naki kuwa a cinye shi cikin mako ko ki sa a firiza. Ki riƙa karanta jikin kwalbar filebo ma, don ruwan banila na ainihi da ake yi a Amurka doka ta ce sai barasa ta kai kashi 35 cikin ɗari a cikinsa. Akwai na gari, akwai wanda aka rubuta babu barasa. Hukuncin ɗigon da ke shiga kek kuma na malamai ne, ba na Goggo ba.

Jelatin daga fata da ƙashin dabba ake yin sa, da yawansa kuma na alade ne, sai in kin ga tambarin halal a kwalin. Ni na fi son aga-aga, wanda ake samu daga ciyawar teku. Ko ba don halacci ba ya fi dacewa da mu, domin jelatin yana narkewa a wajen digiri 35, shi kuwa aga-aga in ya daskare sai zafi ya haura 80 yake sakewa, kin ga ko an ɗauke wuta yana nan a tsaye. Ƙaramin cokali ɗaya na garinsa yana kama kofi ɗaya na ruwa, amma dole ki tafasa shi minti biyu zuwa uku kina juyawa. Ki gwada da zoɓo, sai dai ki ɗan ƙara garin, don tsami yana rage masa ƙarfi.