Ciwon matsematsi: in sayi bel ko maganin sanyi?

Tambaya: Ni ɗan dako ne a kasuwar Farin Gada da ke Jos, buhunan kabeji da dankali nake ɗauka. Shekara guda ke nan matsematsina na dama yana ciwo, ya tafi ya dawo. In na yi tari sai wani ƙullutu ya fito, in na kwanta ya koma. Wani ya ce sanyi ne, in sayi maganin gargajiya, mai kemis kuma ya ce in sayi bel. Wanne ya fi?

Amsa: Sannu ɗan'uwa, Allah ya sawwaƙe. Riƙe kuɗinka tukuna, kada ka sayi ko ɗaya. Abin da ka kwatanta ya yi kama da ƙaba: tsokar cikin da ke riƙe hanji ce ta yi rauni a wurin, sai hanji ya riƙa leƙowa duk lokacin da ka yi nishi, ko tari, ko ka ɗaga kaya. A Jos da zarar hunturu ya kama, kowane ciwo sai a ce sanyi ne, amma sanyi ba ya fito da ƙullutun da ke komawa in an kwanta.

Ƙofa ce ta buɗe a jiki, kuma babu saiwa ko ƙwayar da za ta ɗinke ta. Bel danne wurin kawai yake yi, kana cirewa hanjin ya dawo. Abin da nake ji maka shi ne ka ɗaura shi ka ji sauƙi, ka koma ƙarƙashin buhu har abin ya girma. Maganinta tiyata ce, galibi a toshe wurin da wata raga, kuma aiki ne da ake yi yau da kullum a asibitin koyarwa na Jami'ar Jos (JUTH) da ke Lamingo da asibitin Jankwano. Likita zai sa ka tsaya, ya ɗora hannu a wurin ya ce ka yi tari. Sau da yawa wannan ya isa, wani lokaci a ƙara da hoto. Ka tambaye shi tsawon hutun da za ka yi kafin ka koma dako, don ka yi wa iyali tanadi.

Amma in ƙullutun ya yi tauri ya ƙi komawa, ga amai, ga rashin bayan gida, hanji ne ya maƙale. Ko tsakar dare ne a tafi asibiti.

Tambaya: Ina buga ƙwallo a Unguwar Rogo. Cikin cinyata kusa da matsematsi yana ciwo in na buga ko na juya da sauri. In ci gaba da sayen maganin rage ciwo na diclofenac?

Amsa: Ƙanena, da alama tsoka ka ja, kuma komawa fili kafin ta warke ne yake dawo da ciwon. Ka huta, ka riƙa ɗora ƙanƙara a cikin tsumma na minti 15 zuwa 20, sannan ka nemi likitan gashin ƙashi ya koya maka atisayen ƙarfafa cinya. Yawan shan diclofenac yana jawo gyambon ciki, yana taɓa ƙoda. In akwai kaluluwa, zafin fitsari ko jini a fitsari, gwaji kake buƙata. Ciwon maraina mai tsanani da ya taso farat ɗaya kuwa, murɗewa ce mai yiwuwa, kuma cikin kamar awa 6 ake iya ceto marainan.