Tambaya da Amsa: Hoton Allona Yana Yagewa Idan Ina Kallon Bidiyo

Tambaya: Assalamu alaikum. Bayan da Microsoft ya daina kula da Windows 10 a watan Oktoban 2025, na sa tsarin aiki na Linux Mint mai fuskar Xfce a tsohuwar laftof ɗina, wadda take amfani da katin hoto na Intel. Komai yana tafiya daidai, sai dai idan ina kallon bidiyo ko ina jan shafi ƙasa a burauza, sai in ga layi ya ratsa allon a kwance, rabin sama da rabin ƙasa ba su haɗu ba. Wani abokina ya ce in kashe kwamfozita, na kashe, inuwar tagogi ta ɓace, amma layin ya ƙaru. Mene ne mafita? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Shawarar abokinka tana da amfani wajen gwaji, amma a matsalarka kashe kwamfozita tamkar sallamar likita ne alhali mara lafiya yana kwance, kuma zan bayyana dalili kafin in zo kan gyara.

Allon yawancin laftof yana sabunta hotonsa sau 60 a daƙiƙa guda, yana zanawa daga sama zuwa ƙasa, wato kowane hoto yana da abin da bai kai kashi 17 cikin dubu na daƙiƙa ba. Idan katin hoto ya miƙo sabon hoto alhali allon bai gama zana na baya ba, sai saman allon ya nuna tsohon hoto, ƙasansa kuma ya nuna sabo, mahaɗarsu ita ce layin da kake gani. Kwamfozita kuwa shi ne ɓangaren da yake karɓar hoton kowace taga daban, ya jera su a ɓoye, ya sa musu inuwa, sannan ya jira allon ya kammala zagayensa kafin ya miƙa cikakken hoto. Wannan jiran shi ne maganin yagewa, don haka da ka kashe shi sai kowace manhaja ta koma zana abinta kai tsaye lokacin da ta ga dama. A Xfce wannan aiki yana hannun xfwm4, a Cinnamon Muffin ne, a KDE Plasma KWin, a GNOME kuma Mutter. Windows ma yana da nasa tun daga Vista, kuma daga Windows 8 aka cire damar kashe shi gaba ɗaya, shi ya sa ba ka san da zamansa ba sai yanzu.

Abu na farko, ka mayar da shi. Ka buɗe Window Manager Tweaks, ka shiga shafin Compositor, ka kunna Enable display compositing. A shafin nan kuma akwai wani zaɓi mai suna Display fullscreen overlay windows directly, wanda yake barin bidiyon da ya cika allo ya wuce kai tsaye ba tare da ya bi ta hannun kwamfozita ba. An yi shi ne domin masu wasannin kwamfuta da suke son sauri, amma ga mai kallon bidiyo shi ne sau da yawa yake dawo da layin, don haka ka cire alamar da take kansa ka gwada.

Idan layin bai tafi ba, sai ka duba hanyar da xfwm4 yake bi wajen jiran allon. Tun daga Xfce 4.14 da ya fito a 2019 yana da hanyoyi biyu, glx da xpresent, kuma shi yake zaɓa wa kansa, zaɓin da ba kullum yake dacewa da katin da yake cikin na'ura ba. Ka buɗe taminal, wato tagar rubuta umarni, ka rubuta xfwm4 --replace --vblank=xpresent, allon zai ɗan ƙifta, sannan ka kunna bidiyon da aka juya kyamara da sauri a cikinsa, kamar na wasan ƙwallo, domin a irinsa ne layin ya fi bayyana. Idan bai yi ba ka maimaita da glx. Wanda ya yi maka aiki sai ka tabbatar da shi da wannan umarni: xfconf-query -c xfwm4 -p /general/vblank_mode -s xpresent, ka sa glx a ƙarshe idan shi ne ya yi, sannan ka fita ka sake shiga.

Za ka ci karo da shawarar ƙirƙirar fayil mai suna 20-intel.conf a cikin /etc/X11/xorg.conf.d/ domin kunna TearFree, wani saitin hana yagewar hoto. Tana aiki a tsofaffin katunan Intel, amma ni na fi son a bar ta zuwa ƙarshe, saboda tana mayar da na'ura kan tsohon direban Intel, wato manhajar da take sarrafa katin, kuma kuskuren harafi ɗaya a fayil ɗin ya isa ya bar ka da baƙin allo bayan ka sake kunnawa. Idan hakan ta faru kada hankalinka ya tashi, ka danna Ctrl da Alt da F2 tare, ka shiga da sunanka, ka goge fayil ɗin, ka sake kunna na'urar. Abin da na fi jaddadawa shi ne ka canza abu ɗaya, ka gwada, ka rubuta sakamakon a takarda kafin ka taɓa na gaba, domin wanda ya canza abu huɗu a zama ɗaya ba zai san wanne ya gyara ba, balle wanne ya ɓata.

Tambaya: Kwamfutar shagonmu ta tebur tana da katin NVIDIA da Linux Mint mai fuskar Cinnamon. Bayan sabuntawa sai ta fara nuna saƙo cewa tana aiki ba tare da taimakon katin hoto ba, tagogi suna jan ƙafa, fanka kuma tana ta kuka. Shin saitin kwamfozita ne ya lalace? Daga wata mai karatu a Maraɗi.

Amsa: Malama, saitin bai lalace ba, direban katin ne bai tashi ba, shi ya sa farosesa ta ɗauki aikin zane a kanta, kuma nauyin ne yake sa fanka kuka. Ki rubuta inxi -G a taminal ki duba layin da yake bayyana mai yin zanen. Idan kin ga kalmar llvmpipe a wurin da ya kamata sunan katin ya fito, to an tabbatar, kuma duk wani saitin inuwa ko motsin tagogi da za ki taɓa ɓata lokaci ne.

Dalilai biyu ne suka fi yawa. Na ɗaya, sabuntawar ta kawo sabon kenel, wato zuciyar tsarin Linux, kuma ba a gina direban NVIDIA a kansa ba. Gwajin wannan yana da sauƙi: ki buɗe jadawalin GRUB, wato jerin zaɓin tsarin da zai tashi, lokacin kunnawa, ki shiga Advanced options, ki zaɓi kenel ɗin da ya gabata, idan komai ya dawo daidai kin gano mai laifi. Na biyu shi ne Secure Boot, wanda yake hana direban da ba a yi wa rajistar sa hannu ba ya hau, kuma mokutil --sb-state zai gaya miki ko a kunne yake. Bayan haka ki buɗe Driver Manager ki sake saka direban da aka ba da shawara a kai. Idan katin tsoho ne sosai, irin wanda ya tsaya a direba mai lamba 390 da aka daina sabuntawa a ƙarshen 2022, komawa nouveau, wato direban da yake zuwa tare da Linux, ya fi kwanciyar hankali. Tunda na'urar ta kasuwanci ce, ki riƙa ajiye kwafin tsarin da manhajar Timeshift kafin kowace babbar sabuntawa.

Tambaya: Allon laftof ɗina yana fitar da koren layuka a tsaye, kuma suna nan tun daga tambarin kamfani da zarar na kunna. Wane saiti zan canza? Daga wani ɗalibi a Garwa.

Amsa: Babu saitin da zai taimaka, ɗan'uwa, domin a lokacin da tambarin yake fitowa ko tsarin aiki bai tashi ba, balle kwamfozita. Ka haɗa laftof ɗin da talabijin ta wayar HDMI. Idan hoton talabijin ya fito fes, matsalar tana ga gilashin allon ko siririyar wayar da take bi ta cikin mahaɗar murfi, musamman idan layukan suna canzawa yayin da kake ɗaga murfin kana sauke shi. Idan kuwa layukan sun bi ka har talabijin, katin hoton ne yake ciwo, kuma zafi yana cikin abubuwan da suke jawo hakan, don haka ka kai wa mai gyara ya buɗe ya kakkaɓe ƙurar hunturun da ta toshe mafitar iska, ya duba katin kafin ka sayi sabon allo.